Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Matsayinmu Kan Sabunta Kwamfutocin Makarantu

A wannan fitowar mun ɗan jingine batun ƙarin girma da bashin alawus, ba don sun warware ba, sai don wata matsala da ta shigo mana ta ƙofar ɗakin kwamfuta, wadda in ba mu yi magana a kanta tun yanzu ba, za ta ƙare a kan albashin wasu daga cikinmu. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafin da yake bai wa Windows 10, babbar manhajar da ta shekara goma tana tafiyar da kwamfutocin ofisoshi da makarantu tun fitowarta a watan Yulin 2015. Janye tallafi yana nufin kamfanin ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na kyauta. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi da safe kamar yadda ta saba, amma duk ɓarakar da aka gano a jikinta daga wannan rana ba mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga wani shiri na musamman. Shi ya sa ake matsa wa kowa ya koma Windows 11, kuma shi ya sa tambayar ta iso teburin shugabannin makarantu: a koma ko a zauna?

Matsayinmu a taƙaice shi ne a koma, amma da shiri, da kuɗin hukuma, a lokacin hutu, kuma kada a ɗora wa malamin da aka danƙa wa makullin ɗakin kwamfuta alhakin abin da ya lalace a hanya. Ga hujjojinmu.

Babbar manhaja ita ce uwar gida a cikin kwamfuta. Ita ke karɓar abin da aka latsa a allon rubutu, ita ke aika takarda zuwa firinta, ita ke ba kowace ƙaramar manhaja wurin zama, daga ta rubutu zuwa ta lissafin maki. Sabunta ta iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne farkon ruɗani. Akwai ƙananan gyare-gyaren da ake aikowa wata-wata, waɗanda suka yi kama da liƙe yoyon rufi kafin damina: iyali na zaune a ɗaki, magini ya hau ya sauko. Akwai kuma tashi daga wani zubi zuwa wani, kamar daga Windows 7 zuwa 10, ko daga 10 zuwa 11. Wannan ƙaura ce sukutum. Ana kwashe kaya daga tsohon gida a zuba a sabo, kuma duk wanda ya taɓa yin ƙaura ya san randa na fashewa a hanya, gado na ƙin shiga sabuwar ƙofa, takardar da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa kuma a neme ta a rasa. Abin takaici, a fuskar kwamfuta duka biyun kan zo da kama ɗaya, wani ɗan saƙo ne mai neman a latsa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka liƙe yoyo ne, alhali tashin gida ya amince da shi.

Abin da ya fi saurin karyewa a irin wannan ƙaura shi ne alaƙar kwamfuta da na'urorin da ke jone da ita. Kowace firinta, kowace sikana, kowane majigi yana magana da babbar manhaja ne ta bakin wata 'yar manhaja mai tafinta, wadda masu gyara ke kira direba. Kamfanin da ya ƙera na'urar shi ke rubuta wannan tafinta, kuma in na'urar ta tsufa sau da yawa ba ya sake rubuta sabo. Sai a wayi gari firintar da ta shekara takwas tana buga takardun jarrabawa lafiyarta lau, ga wuta ga tawada, amma kwamfuta ta ce ba ta san ta ba. A makarantar da firinta ɗaya ce tak, wannan na nufin malami ya hau babur da tambayoyin jarrabawa a filash ya nufi shagon buga takardu a kasuwa. Kowa a cikinmu ya san abin da hakan ke yi wa sirrin jarrabawa.

Sai tsofaffin manhajoji. Yawancin faya-fayan koyarwa da aka raba wa makarantu shekarun baya, masu zanen da ke motsi don koyar da kimiyya da lissafi, an gina su ne a kan Adobe Flash, wanda aka daina tallafa wa a ƙarshen 2020. Internet Explorer, wanda wasu tsofaffin shafukan rajista suka dogara da shi, an yi masa ritaya a watan Yunin 2022, kuma ba ya cikin Windows 11 a matsayin manhaja mai zaman kanta. WordPad, ƙaramar manhajar rubutu da ake fara koya wa yara da ita a inda babu Word, an cire ta daga zubin Windows 11 na 2024 mai lamba 24H2. Hatta Office 2016 da Office 2019, tallafinsu ya ƙare rana ɗaya da na Windows 10. Ba wanda zai aiko wa makaranta takarda ya gaya mata cewa darasin mako na shida na aji biyu ya dogara da ɗaya daga cikin waɗannan. Malamin da ke koyar da shi ne kaɗai ya sani, kuma shi ne ba a tambaya.

Malaman Hausa suna da nasu tabon na daban. Kafin haruffanmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, su samu shiga kowace waya da kwamfuta, an daɗe ana rubuta su da wasu salon haruffa na musamman da ake sanya wa kwamfuta da hannu, waɗanda suka ari gurbin wasu alamomi suka ɗora wa ƙugiyoyin. Duk takardar da aka rubuta ta wannan hanya tana karantuwa ne muddin wannan salon haruffan yana cikin kwamfutar. In mai gyara ya share komai ya zuba sabuwar manhaja, bai adana su ba, sai tarin tambayoyi da tsare-tsaren darasi na shekaru su buɗe da baka-biyu da wasu alamomi a inda ƙugiya take. Rubutun bai ɓace ba, amma sai an bi shi kalma-kalma, kuma ba mai biyan malami ladan wannan zaman.

Mafi muni shi ne ɓacewar bayanai. Kada a ɗauka wannan tsoro ne na ƙauyanci. A farkon Oktoban 2018 Microsoft ya fitar da babban sabon zubi na Windows 10 mai lamba 1809, cikin 'yan kwanaki ya janye shi, saboda ya share wa wasu mutane fayilolin da ke jakar takardunsu. Bai sake fitar da shi ba sai tsakiyar Nuwamba. Kamfanin da ya rubuta manhajar ke nan, mai dubban injiniyoyi da ɗakunan gwaji. In har hakan ta faru a hannunsa, da wane ido za a dubi malamin da ya karanta lissafi ko kimiyyar haɗa sinadarai, aka ce ya riƙe ɗakin kwamfuta don kawai shi ne matashi, a ce ya tabbatar ba abin da zai salwanta? A cikin waɗannan kwamfutoci ne makin gwajin zango yake, da jerin sunayen 'yan ajin ƙarshe, da hotunan rajista, da sakamakon da tsohon ɗalibi zai dawo nema bayan shekara biyar.

Akwai kuma abin da waɗanda suka rubuta manhajar a Amurka ba su faye sa shi a lissafi ba, wato wuta. Fayil ɗin zuba Windows 11 ya haura gigabait 5, kuma aikin kansa kan ɗauki sa'a guda ko fiye a kan tsohuwar na'ura, tana kashe kanta tana tashi. A daidai wannan tsakanin, tsohon gida an kwashe, sabo bai kammala ba. In aka ɗauke wuta, ko man janareta ya ƙare, an tsara manhajar ta yi ƙoƙarin komawa inda ta fito, amma ba kullum take iyawa ba. Kwamfutar tebur da ba ta da batirin riƙo tana iya tsayawa a tsakiya, ba gaba ba baya. Kwamfuta talatin a ɗaki ɗaya, kowace tana jan nata ta intanet, sun isa su cinye datar zango guda a wuni ɗaya, alhali da an sauke fayil ɗin sau ɗaya a filash mai gigabait 8, da ya wadaci duka.

Wannan duk in kwamfutar ta cancanta ke nan. Windows 11 ya zo da sharuɗɗa: RAM gigabait 4 aƙalla, ma'adana mai gigabait 64, wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa ta zamani, wadda a ɓangaren Intel take farawa galibi daga tsara ta 8 da ta fito a 2017. Mu duba ɗakunanmu da idon gaskiya. Da yawan kwamfutocinmu kyauta ce ta hukumomi, ko ta 'yan majalisa, ko ta ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, wasu ma na gwanjo ne tun ranar da aka kawo su. Masu gyara a kasuwa suna da dabarun tsallake waɗannan sharuɗɗa, kuma dabarun kan yi aiki na ɗan lokaci. Sai dai kamfanin ya faɗa a fili cewa na'urar da aka yi wa haka ba ta da tabbacin samun gyare-gyare. Zubin 24H2 ma ya ƙi tashi kwata-kwata a kan wasu tsofaffin ƙwaƙwalen da zubin baya ya lamunta. Dabarar da ta yi aiki bana tana iya zama ajalin kwamfutar baɗi.

Wani zai ce, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, a bar kowace kwamfuta yadda take. Mun fahimci wannan ra'ayi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa ga na'urar da ba ta taɓa intanet, ba a kuma soka mata filash ɗin kowa. Amma nawa ne irin waɗannan a makarantunmu? A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai garkuwa da bayanai, WannaCry, ta bazu a duniya, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har ta sa asibitocin gwamnati a Birtaniya suka soke ganin marasa lafiya da ayyukan tiyata. Ɓarakar da ta bi ta shiga, an riga an fitar da gyaranta tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sanya gyaran ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ga kuma yaranmu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta soma bin wannan hanya da masu zaman kansu a 2024, jarrabawar cancanta ta hukumar rajistar malamai ita ma a kwamfuta muke zana ta. Ɗakin kwamfuta ya daina zama abin nuna wa baƙi. Ya zama wurin da makomar yaro take ratsawa. Ba za mu bar shi ya ruɓe ba.

Hatsarin ke nan ta fuska biyu, kuma abin da ke tsakaninsu shi ne tsari. Masana wannan fage da kansu ba sa gaggawa. Ubuntu, wani reshe na Linux da ake samu kyauta, yana fitar da zubinsa mai dogon zango duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, da tallafin shekara biyar. Amma ba ya gayyatar masu tsohon zubi su hau sabon sai bayan watanni, in an tattara kurakuran farko an gyara. Zubin 24.04 ya fito a Afrilun 2024, ba a buɗe wa na baya ƙofa ba sai ƙarshen Agusta, kuma ko bayan an buɗe sai da aka sake rufewa na 'yan kwanaki don wata matsala da ta ɓullo. Manyan ma'aikatu ma haka suke yi: su gwada a kan na'urori kaɗan, su jira, sannan su faɗaɗa. Masu abin suna tafiya a hankali. Babu dalilin da zai sa a ce wa makarantar gwamnati ta gama nata kafin Litinin.

A nan ne batun ya zama na ƙungiya. Mun san yadda al'amura kan gudana. Umarni ya zo daga sama da baki ko ta waya, ba kuɗi ba ƙwararre. Malami ya yi iya ƙoƙarinsa, ko a kira wani mai gyara daga gari a ba shi na goro. In komai ya tafi daidai, ba mai tunawa. In kwamfuta biyar suka ƙi tashi, ko makin zango ya ɓace, takardar tuhuma sunan malami take ɗauke da shi, don shi ya sa hannu a littafin kaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba mu yarda da wannan ba. Sa hannu a littafin kaya alkawari ne na tsare na'ura daga sata da sakaci. Bai haɗa da lamunin cewa manhajar da wani kamfani ya rubuta a wata nahiya za ta zauna lafiya a kan na'urar da ta girme ta ba.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar ilimi da hukumomin da ke riƙe da makarantunmu da su yi abubuwa biyar. Na farko, a ƙirga. A san kwamfuta nawa ce a kowace makaranta, wacce ta cancanci Windows 11, wacce ba ta cancanta ba, wace firinta da wace manhajar koyarwa ke rataye da ita. Microsoft yana da manhajar dubawa ta kyauta mai suna PC Health Check, wadda ke ba da amsa cikin minti kaɗan. Na biyu, a sayi lokaci inda ya kamata. Kamfanin ya buɗe shirin ƙarin gyare-gyaren tsaro na Windows 10, kuma farashin da ya sanar wa cibiyoyin ilimi shi ne dala 1 a kan kowace na'ura a shekarar farko, dala 2 a ta biyu, dala 4 a ta uku, alhali 'yan kasuwa suna farawa daga dala 61. Ana samunsa ne ta hanyar lasisin cibiya, don haka aikin hukuma ne, ba na malami ɗaya ba. Na uku, kada a taɓa kowace na'ura sai an kwafe bayananta a wuri biyu, an kuma buɗe kwafin an ga yana karantuwa; a saya wa kowace makaranta ma'adanar waje don wannan. Na huɗu, a yi aikin a dogon hutu, da ƙwararren da hukuma ta turo ta kuma biya, da wuta tabbatacciya, a fara da kwamfuta ɗaya a yi aiki da ita mako guda kafin a taɓa saura. Na biyar, kowane umarni na sabuntawa ya zo a rubuce, kuma a rubuta ƙarara cewa ba za a yanki albashin malami ko a tuhume shi kan lalacewar da ta biyo bayan umarnin ba.

Game da na'urorin da ba za su iya hawa ba, kada a yi saurin tura su sito su zama gidan ɓera. Akwai rassan Linux marasa nauyi, irin su Linux Mint da Lubuntu, da ke tafiya a kan tsofaffin kwamfutoci, kuma LibreOffice yana rubutu da lissafi ba tare da kuɗin lasisi ba. Amma wannan ƙaura ce da ta fi ta farko nisa. Tana buƙatar horar da malamai, da tabbatar da cewa manhajojin gwajin jarrabawa da muke amfani da su za su yi aiki a can. A kuma sani cewa wannan ba aikin sau ɗaya ba ne. Windows 11 yana fitar da sabon zubi kowace shekara, tallafin kowanne kuma wata 24 ne ga na gida da na ƙananan ofisoshi, wata 36 ga na cibiyoyin ilimi da manyan ma'aikatu. Duk wanda ya ba makaranta kwamfuta bai ware kuɗin kula da ita ba, ya ba ta doki ne babu harawa. Muna so a ga wannan layi a kasafin kuɗin ilimi na kowace shekara.

Kafin hukuma ta amsa, ga abin da ke hannunmu. Ɗan'uwa mai riƙe da ɗakin kwamfuta, in an ce ka sabunta, ka nemi a rubuta maka, cikin ladabi, ka kuma sanar da wakilin ƙungiya na makarantarku. Kada ka fara a makon jarrabawa ko makon haɗa sakamako, ko wa ya matsa. Ka rubuta kalmomin sirri da lambobin lasisi a takarda, a ajiye a ofishin shugaban makaranta. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle ma'adanarsu da wani tsari mai suna BitLocker, wanda in ya ga canji kan nemi makulli mai lamba 48. In babu wannan makulli, ko ƙwararre ba zai iya fito da bayanan ba. Ka kuma sani cewa bayan hawa sabon zubi Windows yana ba da kwana 10 ne na komawa baya, yana riƙe da tsohon a wata jaka mai suna Windows.old. Kada ka share ta don neman wuri, kuma ka gwada firinta da majigi da kowace manhajar darasi kafin kwanakin su cika. 'Yar'uwa mai riƙe da makin aji, ki buga kwafi a takarda a ƙarshen kowane zango. Tsohon littafin maki bai taɓa neman kalmar sirri ba.

Iyalanmu ma maganar ta shafe ku. Kwamfutar cinyar da maigida ko uwargida ke zuwa da ita gida, sau da yawa ita ce ofishin makaranta na gaskiya. A gaya wa yara cewa in saƙo ya fito yana neman a koma sabon Windows, su bar shi sai mai ita ya dawo. Ga masu kwamfutar kansu, kamfanin ya ba da damar ƙarin shekara guda ta gyare-gyaren tsaro, zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Wannan wa'adi na shiri ne, a yi amfani da shi wajen kwafe hotuna da takardun makaranta da na fansho, a kuma tara abin da za a tara.

Shugabannin reshe za su gabatar da waɗannan buƙatu biyar a zamansu na gaba da hukuma. Muna roƙon kowane wakilin makaranta ya kawo wa sakatariya adadin kwamfutocin makarantarsa, da shekarunsu in an sani, da sunan malamin da ke riƙe da makulli, domin mu je teburin da alƙaluma a hannu. Duk wanda aka riga aka ba takardar tuhuma ko aka yi wa barazanar yankan albashi kan irin wannan lamari, ya zo da takardar, kada ya amsa shi kaɗai. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ke wuyanmu, ya sa albarka a karatun yaranmu.